Keke Mai Giya Ɗaya Tsakanin Harobanda da Lazare: Nazarin Lamarin Wani Ma'aikaci a Yamai

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa Ba'adare ne daga jihar Tawa, magidanci mai shekara 43, wanda yake zaune da iyalinsa a gidan haya a Harobanda, ɓangaren Yamai da ke ƙetaren kogi, can bayan Jami'ar Abdou Moumouni. Yana riƙe da sito a wani kantin kayan gini da ke unguwar Lazare, kwana shida a mako, kuma shi ne mai buɗe ƙofa da ƙarfe 7:30 na safe. Albashinsa jika 80 ne a wata, wato sefa 80,000, kusan ninki biyu na mafi ƙarancin albashin ƙasa, wanda ya koma sefa 42,000 tun Janairun 2024.

Daga ƙofar gidansa zuwa sito kimanin kilomita 8 ne, amma hanyar ba iri ɗaya ba ce. Kilomita ɗaya da rabi na farko lunguna ne na rairayi, waɗanda suke zama taɓo da damina. Daga nan sai kwalta har zuwa gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, mai tsawon kimanin mita 700, inda taksi da moto da manyan motoci da masu keke suke cunkushewa a hanya mai layi biyu kacal. Da an sauka gada sai a fara hawa, domin tsakiyar gari a kan tudu yake, a bi ta gefen kasuwar Katako, a ƙarasa da ɗan yanki na jar ƙasa mai gargada. Yamai tana da wasu gadoji biyu, ta 2011 da ta 2021, sai dai duk wadda ya bi daga cikinsu zagaye ne a gare shi.

Kafin wannan lamari, taksi biyu yake shiga da safe, biyu da yamma, wani lokaci ya haɗa da faba-faba, wato ƙananan bas-bas na haya, kuma abin da yake kashewa bai cika gaza jika ɗaya da dala arba'in, wato sefa 1,200, a yini ba. A wata kuɗin mota yana cin kusan jika 30, fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashinsa.

Maris 2025: ƙarancin mai

A cikin azumin 2025 ƙasar ta shiga ƙarancin man fetur, matatar Soraz ta Damagaram ta kasa ɗaukar buƙatar jama'a ita kaɗai, layuka suka yi tsawo a gidajen mai na Yamai. Taksi suka yi wuya, waɗanda ake samu kuma ba su son ƙetare gada da fasinja ɗaya ko biyu. Ya makara a wurin aiki har maigidansa ya yi masa magana, wata rana kuma ya sha ruwa a bakin hanya da dabinon da wani bawan Allah ya miƙo masa. Ya daɗe yana tara kuɗin moto ta hanyar adashi, amma ganin masu moto suna tura abin hawansu zuwa layin mai ya sa ya karkata ga keke. Abin da ya ware shi ne jika 50, kuma sharaɗinsa biyu ne: keken ya kai shi aiki cikin lokaci, kada kuma ya zama abin da zai riƙa cin kuɗi kowane mako.

Afrilu zuwa Mayu 2025: keke mai giya 18

Bayan ƙaramar salla ya sayi keke na hannu a jika 40, irin mai manyan tayoyi da sifirin a gaba da kuma tsakiya, mai faranti uku a gaba da shida a baya, wato giya 18. Abin da ya ja shi gare shi a fili yake: ya ga hawan da ke bayan gada, ya yi tunanin giya mai yawa ita ce maganinsa, ga kuma sifirin da zai rage masa jijjiga a kan gargada.

Makonni uku na farko ya ji daɗinsa. Daga nan rairayi ya fara shiga ƙananan tayoyin ƙarfen canjin giya da ke rataye a baya, wayoyin giya suka ƙage a cikin bututunsu, kaca ta fara tsallake haƙora duk lokacin da ya danna feda da ƙarfi a kan hawa. Wata rana keken ya faɗi ta ɓangaren dama a ƙofar sito, ƙarfen canjin giya ya ɗan lanƙwashe, kwana biyu bayan haka ya shige cikin wayoyin ƙafar baya ya karya uku. Mai gyaran unguwarsu ya iya faci da ɗaurin birki, amma saitin giya sai dai ya gwada ya ga abin da hali ya yi, kuma ƙarfen da aka sa a madadin wanda ya karye bai dace da mariƙin giyar ba. Cikin wata biyu gyare-gyare suka ci jika 11.

Akwai wani abu da ya lura da shi da kansa a wannan lokaci, wanda ya yi tasiri daga baya: tun kafin giyar ta lalace, biyu kawai yake amfani da su cikin 18, kuma ɗaya daga cikin biyun ita ce ta kusan dukan hanya.

Yuni 2025: aron keken da fedarsa ba ta tsayawa

Bayan babbar salla ɗan ƙanwarsa, ɗalibi a jami'a, zai tafi hutu Tawa, sai ya bar masa kekensa. Siririn keke ne mara nauyi, daga cikin na hannu da ake shigowa da su daga Turai, ba shi da canjin giya, ba shi da kariyar ɗora kaya, birkinsa ɗaya ne a gaba. Yaron ya ce masa, «Kawu, wannan babu abin lalacewa a jikinsa, sai dai ka saba da fedar.»

Kekuna masu giya ɗaya iri biyu ne, kuma bambancinsu yana cikin ƙafar baya. A keken da kowa ya sani akwai firiwil, ƙaramin faranti mai ƴan harsuna a ciki, wanda yake jan taya idan an taka feda, ya kuma sake ta ta ci gaba da gudu idan an tsayar da ƙafa. A ɗaya irin babu wannan sassauci, domin an ɗaure farantin da cibiyar ƙafar kai tsaye, an kuma kulle shi da zobe mai zaren hagu: muddin taya tana juyawa feda tana juyawa, idan aka taka baya keken baya zai yi. Asalinsa na tseren cikin fili ne mai santsi, inda babu mahaɗar hanya, babu rami, babu amalanke, daga baya matasan biranen Turai da Amurka suka fito da shi kan titi saboda sauƙinsa da ƙarancin kayan jikinsa. Keken ɗan ƙanwar tasa irin wannan ne.

Mako biyu ya yi yana hawansa. Farantin gaba haƙora 48 ne, na baya 16, don haka kowane zagayen feda yana kai shi kimanin mita 6.3, abin da yake da daɗi a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, amma mai tsananin nauyi wurin tashi daga tsaye. Faɗin tayar milimita 25 ne kawai, tana yanka rairayi ta nutse, saboda haka lungunan unguwarsu da ƙafa yake wuce su yana tura keke. A kan gada, inda ake tafiya ana tsayawa, duk lokacin da ya tsaya feda takan ƙare a inda bai so, kuma ba shi da halin juya ta baya ya daidaita sai ya ɗaga ƙafar baya daga ƙasa. Da yamma, a gangaren da ke sauka zuwa kogi, ƙafafunsa sukan riƙa juyawa da saurin da bai zaɓa ba, ga taksi suna tsayawa ɗaukar fasinja a gabansa ba tare da sanarwa ba. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ranar da bakin wandonsa ya shiga tsakanin kaca da faranti. A keke mai firiwil mutum yakan tsayar da feda ya zare, a wannan kuwa taya ta ci gaba da jan kaca har ta yage wandon zuwa ƙauri, Allah ya kiyaye bai faɗi ba.

Tayar ce ta kawo ƙarshen gwajin. Ƙayar tsidau ta huda ta gaba, bayan kwana kaɗan gefen rami ya tsaga ta baya. Bawul ɗin keken siriri ne, ba irin na moto ba, famfon masu faci na bakin hanya bai kama shi ba, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da yake da taya mai wannan girma. Ya tura keken daga gindin gada har Katako kafin ya sami wadda ta shiga, a jika 6 da robar ciki. Ya ajiye keken a ɗaki har mai shi ya dawo.

Yuli 2025: yunƙurin gyara na farko

Duk da wahalar, ya fito daga wannan gwaji da sha'awar keken da ba shi da wayoyin giya da ƙarfe mai reto. Sai ya kai kekensa na farko wurin mai gyaran unguwa ya ce a cire kayan canjin giya a bar masa ɗaya. Aka cire, aka rage tsawon kaca, aka ɗora ta a farantin tsakiya, aikin ya ci jika 3.

Bai yi mako guda ba. Kaca takan faɗo, ko ta haye kan farantin da ya fi girma ta ɗaure tamau har feda ta ƙi juyawa. Dalilai uku ne suka haɗu. Ramin da gatarin ƙafar baya yake zama a cikinsa a tsaye yake, babu wurin jan ƙafar baya ko gaba domin a daidaita ƙarfin kaca. Haƙoran farantan keke mai giya da yawa gajeru ne masu gangare, da gangan aka yi su haka domin kaca ta sauka cikin sauƙi. Sannan sifirin na tsakiya yana lotsawa a kan kowane rami, tazarar da ke tsakanin farantin gaba da na baya tana canzawa, kaca ta saki yanzu ta ɗaure an jima. Sauran watan ya koma taksi.

Agusta 2025: zaɓi tsakanin kekuna uku

Wani direban kantinsu ya haɗa shi da wani dattijo mai gyaran kekuna a gefen Katako, wanda yake saye yana sayar da na hannu. Dattijon bai fara da nuna masa kaya ba. Ya tambaye shi inda yake kwana da inda yake aiki, da abin da yake ɗauka, da irin tufafin da yake sawa, sannan ya ce masa ya koma ya bi hanyarsa ya tambayi kowane mai faci girman tayar da yake ajiyewa. Da ya ce, «Baba, ai taya 26 ko 28 ce, me ya rage?» sai dattijon ya jawo tayoyi biyu ya nuna masa ƙaramar lamba mai alƙaluma uku da ke gefen kowace, ya ce, «Malam, wannan za ka riƙa karantawa.»

Wannan lamba faɗin da'irar gargaren ce da milimita, kuma ita ce take nuna ko taya za ta shiga. Abin da ake kira 26 yana iya zama 559, na kekuna masu manyan tayoyi, ko 590, na wasu kekunan cikin gari. Abin da ake kira 28 yana iya zama 635, na baƙin keken da iyayenmu suka hau, ko 622, irin na keken ɗan ƙanwarsa. Taya 27 kuwa 630 ce, ta fi 622 girma duk da sunanta ya nuna akasin haka. A hanyarsa, 559 da 635 ne ya tarar a hannun kusan kowane mai faci.

Kekuna uku aka ajiye masa. Na farko sabon baƙin keke ne mai taya 635 da birkin sandar ƙarfe, samfurin da Raleigh ta Ingila ta yaɗa, wanda kamfanoni irin su Phoenix da Flying Pigeon na Sin da Hero na Indiya suka ci gaba da ƙerawa. Giyarsa ɗaya ce mai firiwil, yana ɗaukar buhu, kayan gyaransa kuma har ƙauye ana samu. Sai dai irin wannan keke yakan kai kilo 20, birkin sanda a kan gargaren ƙarfe yana rage kamu idan ya jiƙe, kuma jika 75 aka yi masa kuɗi. Na biyu keken Japan ne na hannu mai kwando da murfin kaca, mai sauƙin hawa ko da doguwar riga, amma tayarsa 630 ce. Na uku tsohon keke ne na baƙin ƙarfe mai taya 559, ba sifirin ko ɗaya, fentinsa ya koɗe, an riga an cire masa giya, ramin gatarinsa na baya kuwa dogo ne a kwance, yadda za a iya jan ƙafar kusan santimita biyu.

Ya zaɓi na uku. Kafin a yi ciniki dattijon ya sa shi ya duba da idonsa: ya bi kowace mahaɗar walda da yatsa yana neman tsagewa, ya tsaya a gaba ya ga ko cokalin ƙafar gaba ya karkace, ya ɗaga kowace ƙafa ya juya ta ya ga ko tana rawa, ya girgiza hannun feda ya ji ko boris ya yi sako-sako, ya kwance sirdi ya tabbata tsatsa ba ta kama sandarsa ba. Kuɗin keken jika 45, aka karɓi tsohon nasa a jika 20, ya cika 25, aka rubuta takardar saye da shaidu biyu, domin keken hannu yana iya zama na sata. Sabbin tayoyi biyu masu faɗin kusan santimita 5 da robobin ciki masu bawul irin na moto, da kaca mai kauri, da firiwil, da robobin birki, da kariya, da marufin taɓo na gaba da baya suka ci jika 19.

Aikin ɗaurawa ya ɗauki yini guda, mafi yawansa a kan ƙafar baya. Dattijon ya cire tarin farantan giya da suka rage a jikinta, ya ɗaura firiwil guda, ya sauya wurin zobban gatari, ya sake jan wayoyin ƙafar, har farantin gaba da na baya suka tsaya a layi ɗaya idan an hango daga baya. Ya bar wa kaca sassauci kamar santimita ɗaya a tsakiya. Ya tsaga tsohuwar robar ciki ya shimfiɗa ta tsakanin taya da sabuwar roba saboda ƙaya, ya kuma bar birki biyu, gaba da baya.

Satumba zuwa Disamba 2025: gwaji a kan hanya

An fara da haƙora 44 a gaba da 16 a baya, kimanin mita 5.6 a kowane zagaye. Cikin kwana goma gwiwoyinsa suka fara ciwo a hawan bayan gada, a rairayi kuma keken yakan tsaya masa. Aka canza firiwil zuwa mai haƙora 18, aka ƙara wa kaca ƴan gaɓoɓi, zagaye ya koma kimanin mita 5. Da wannan yana hawan tudun a zaune, yana ratsa mafi yawan lungunan unguwa idan bai cika wa tayoyin iska sosai ba, a kan kwalta kuma yana yin kusan kilomita 18 a awa ba tare da haki ba. Tafiyar gaba ɗaya tana ɗaukar minti 35 zuwa 40, alhali da taksi biyu da jiran da ke tsakaninsu takan wuce awa.

Kuskure ɗaya ya biyo baya, na mai. Ya riƙa zuba wa kaca baƙin man mota da yawa, rairayi ya manne da shi ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin kaca da haƙora. Dattijon ya wanke ta da kananzir, ya ce a ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa sannan a goge bayan kaca da tsumma har ta bushe, sau ɗaya a mako, sau biyu idan hazon hunturu ya sauka. Ya kuma koya masa awo: gaɓoɓi 20 na sabuwar kaca santimita 25.4 ne, idan suka kai 25.7 a canza ta kafin ta cinye farantai.

Zuwa ƙarshen Disamba an yi masa faci biyu, an canza robobin birki sau ɗaya, an ja ƙafar baya an ɗaure kaca, abin da yake kashewa bai wuce jika 2 a wata ba. Ya ƙara fitilar gaba da jar fitilar baya da kwaɗo, yana ɗaure bakin wando da roba, rigar aiki kuma a jaka take a kan kariya sai ya isa ya sa. Ranakun da aka yi ruwa mai ƙarfi a Satumba taksi ya shiga, haka nan duk ranar da zai fita da iyali.

Jimillar abin da ya kashe tun Afrilu kafin keken ya tsaya da ƙafafunsa jika 104 ne. Da tun farko keke na uku ya saya da kayansa, da jika 64 sun isa, kuɗin taksin wata biyu da ƴan kwanaki.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

A ganina keken farko bai gaza don giya aba ce mara amfani ba. Ya gaza ne domin a jika 40 giya 18 da sifirin biyu ba za su kasance masu inganci ba, kuma hanyar da take da rairayi kowace safiya ta fi cutar da ɓangaren da ya fi kowane laushi a jikin keke. Wannan kuɗi idan aka zuba shi a ƙarfe mai kyau da tayoyi da kaca ɗaya, yana sayen abin da zai daɗe.

Keken da fedarsa ba ta tsayawa kuwa ba zan ba ma'aikacin da yake ƙetare gadar Kennedy safe da yamma shawarar ya saya ba, ko da an sa masa manyan tayoyi da birki biyu. Abin da yake ragewa firiwil ne kawai, wanda ba shi da tsada, kuma kowane mai gyara ya san shi, abin da yake ƙarawa kuwa haɗari ne a cunkoso da gangare, musamman ga mai sa wando mai faɗi ko doguwar riga. Rabin wahalar da mutumin nan ya sha a Yuni ta siririyar taya da giya mai nauyi ce, ana iya gyara su, amma rabin da ya kusa kayar da shi daga tsarin keken yake.

Abubuwa uku ne suka sa na ƙarshe ya zauna: girman taya da bawul da ake samu a bakin hanyarsa, ramin gatari da yake barin a ja kaca, da giyar da aka zaɓa domin mafi wahalar yankin hanya, ba domin mafi sauƙinsa ba. Baƙin keke mai taya 635 zai iya cika waɗannan sharuɗɗa, kuma ga wanda yake ɗaukar kaya masu nauyi ko yake zaune inda masu gyara ba su da yawa, shi zan fifita, a sa masa firiwil mai haƙora 20. Sakamakon nan ya tsaya ne a kan hanya mai kilomita 8 da hawa guda ɗaya matsakaici. Wanda yake zirga-zirga a duwatsun Adar, wajen Keita ko Buza, ko wanda tafiyarsa ta ninka wannan, giya ɗaya za ta gajiyar da shi, gara ya ƙara kuɗi ya nemi mai canjin giya na kirki tare da mai gyaran da ya iya saitinsa.